Namijin da Mahasin ta jefar bayan tanki

Duk unguwar Arba wa Nus an san Mahasin mai ƙunshi, Bahaushiyar Sudan, mace mai kafiyar tsiya. Wata amarya ce ta ba ta irin jojoba, ɗan guntun itacen nan na hamadar Arewacin Amurka da ake tatsar mai a 'ya'yansa. Take ta rantse sai ta shafa wa amarenta man da ta shuka da hannunta. Ta sa aka yanka mata durom-durom, ta shuka bakwai a saman benen da take haya.

Shekara uku tana hawa da bokiti, tana zuba ruwa kaɗan-kaɗan, don itacen ba ya son jiƙa. A ta ukun biyu suka yi fure rawaya cunkus, amma ko ɗa ɗaya babu. To, ita 'yar manomin dawa ce daga Gadarif, kuma a gonar ubanta abin da ba ya haihuwa cire shi ake yi. Ta tumɓuke su, ta wurga bayan tankin ruwa.

Da shekara ta zagayo, sauran biyar suka yi fure, furen ya zube kaf. Nuha, matar mai gidan, ta ce, "Khalas, ya isa haka, ya Mahasin. In zafin baɗi ya zo ban ga komai ba, agwagina za su hau nan." Ranar Mahasin ta yi kuka, wallahi.

Ana haka sai Abdulbasit, Bakatsine mai karatun aikin gona a Giza, ya rako matarsa ƙunshi. Da ya ji labarin, ya hau ya duba.

"Yaya, ina mazan?"

"Waɗanne maza kuma?"

"Ai itacen nan mace daban, namiji daban. Iska ke kai wa matan garin furen namiji. Duk waɗannan mata ne."

Inna lillahi! Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba, ta ruga bayan tanki. Ɗaya ya bushe ƙarau. Ɗayan kuwa, da ƙasar saiwarsa ya faɗa daidai inda tankin ke ɗiga, ga shi nan da ɗanyen ganye, ɗan halak.

Ta dasa shi ta arewa, inda iska ke fitowa. Da ya yi fure a ƙarshen sanyi, kullum safe sai ta kama shi ta girgiza, maƙwabta na leƙe suna cewa mai ƙunshi ta zare.

Zafi na shigowa Nuha ta hau da agwagwa a hammata. Mahasin ta kama hannunta ta cika shi da 'ya'yan jojoba, manya kamar gyaɗa, har suna zuba ƙasa.

"Ma'alish, yi haƙuri, Madam, ki nema mata wani masaukin."

Nuha ta tuntsire da dariya. "Tamam, amma kwalbar mai ta farko tawa ce."

Mahasin ta rangaɗa guɗa har ana ji a titi. Sannan ta ɗauki bokiti, ta wuce matan nan biyar, ta fara zuba wa namijin.