Wanda Yake Ɗaga Ni Sama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan jiya, bayan la'asar, aka aiko makaranta cewa malamin fiziks ya cika. Kai ke nan, Tsinke, abokina. Ina ɗakin malamai, kujerarka na kallona.

Ni tarihi nake koyarwa, ban san komai a fanninka ba, amma duk shekara sai ka neme ni. In an zo darasin kura, irin wadda ake jan guga da ita, sai ka rataya guda huɗu a ƙarfen rufin aji, ka ɗaura kujera da igiya, ka aiko a kira ni.

"Buhu, zo ka yi wa ilimi hidima," kake cewa.

Ni da na ninka ka biyu, sai ga ni ina lilo, kai kana ja da hannu ɗaya. Yara na ihu, ina harararka, kana bayani hankali kwance: ƙasa tana jawo kowa, amma in igiyoyi suka raba nauyi, ko mai ƙaramin ƙarfi ya ɗaga babba. Wata shekara ka manta da ni a sama har aka kaɗa ƙararrawa. Na yafe, ko da yake ban taɓa gaya maka ba.

Bayan an tashi, kakan zauna da ɗalibai masu yin aikin da aka ba su na gida. Ba ka ba kowa amsa, sai ka ce, "Zana mini, ina ake ja, ina ake turawa?" Ni kuma tun rasuwar matata nake zama gefe, wai ina duba takardu. Ka san gida ne ba na son komawa, ba ka taɓa tona ni ba. Yanzu ɗakin shiru, kuma kaɗaici ya dame ni ƙwarai.

Jiya sabon malami ya zo da ladabi, ya ce, "Baba, mako mai zuwa ne darasin kura, yara kuma suna tambaya." Na amsa masa zan zauna, don kada yaranka su yi asara. Sai dai in na yi sama na duba ƙasa, ban san wa zan harara ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sauƙaƙa maka kwanciyar kabari, Ya nauyaya mizaninka. Ya ba maiɗakinka da 'ya'yanka haƙuri. Ni ma a sa ni a addu'a.