Tankar Katako ta Labbo

Labbo masassaƙin jiragen ruwa ne a Lolo, ƙanin kakata. Mutum ne marar yawan magana, amma duk wanda ya ambaci Cindo a gabansa sai ya ga ya ajiye gizago ya tofar da yawu.

Su uku suka tafi yaƙin Bama daga garin: shi, da amininsa Ango, da Cindo wanda ya kai kofur. An haɗa su da wata tanka matsakaiciya, ba ta kai manyan nauyi ba, ta kuma fi ƙananan kaurin ƙarfe. Babbar igwarta a ƙirjin dama take, ba ta juyawa sosai, sai an karkata tankar gaba ɗaya kafin a saita. Ƙarama ce ke bisa, tana zagayawa. Aikinta fasa ramukan da abokan gaba ke ɓuya, su kuma sojan ƙasa na biye suna tsaronta. Na ciki ba su ganin baya ko kaɗan, don haka aka maƙala tarho a gindinta, kofur ya riƙe yana gaya musu abin da ke bayansu.

Ranar da wuta ta yi zafi, Cindo ya saki tarhon ya faɗa daji. Direba ya ja da baya don ya saita igwa, sarƙar ta bi ta kan Ango yana kwance yana harbi. Labbo na kallo.

Cindo ya riga shi dawowa gida. Ya shaida wa Saratu, matar Ango, cewa mijinta gudu yake yi tanka ta taka shi. Da Labbo ya iso ya faɗi gaskiya, ba wanda ya ɗauki maganar farabiti, ƙaramin soja, a kan ta kofur. Shekara goma sha biyar ana kiran 'ya'yan Saratu ɗiyan matsoraci.

Da bikin samun 'yancin kai ya matso, aka shirya fareti a filin Illo. Cindo, wanda ya zama babban ɗan kasuwa, ya ce a yi masa tankar katako ya shiga. Labbo ya karɓi aikin da kansa, har mutane suka ce ya huce. Ya ɗora ta kan ƙafafun amalanke, majiya ƙarfi huɗu na turawa daga ciki. Ya sa igwar gora a dama, ya bar 'yar tsaga guda a gaba, ya rufe baya ruf, ya yi ƙyaure a bisa mai sakata ta waje, ya zura bututu a maimakon tarho.

"Ni za ni riƙa maka baya, Kofur," in ji shi.

Tanka ta zagaya fili ana guɗa. Da ta kai ƙarshe, babu wurin juyawa, Labbo ya sa baki a bututu ya ce, "Baya!" Suka fara ja. Sai ya saki bututun, ya taka zuwa inda Saratu take tsaye, ya harɗe hannu.

Bayan filin gangare ne, ƙarƙashinsa kududdufi cike da ruwan damina. Tankar ta sulale ta nutse a laka har rabi. Masu turawa suka sunkuya suka fita ta ƙasa, ƙiba ta hana Cindo.

"Labbo! Kai, Labbo, ɗan banza! Wa ka sakin waya tanka na ja da baya? Kashe ni za ka yi?"

Labbo ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ashe ka san haka, Kofur? Wa ya saki waya ranar Ango?"

"Ku hidda ni!"

"Ƙyauren na nan hannuna. Hwaɗi tukuna."

Ruwa ya kai masa ƙugu kafin ya ce, "Ni na. Ni na saki. Ango bai gudu ba."

Saratu ba ta yi kuka ba. Ta juya ta dubi matan unguwarsu ɗaya bayan ɗaya har suka sunkuyar da kai. Labbo bai yi sauri ba wajen zare sakatar.

Kafin kaka Cindo ya kwashe iyalinsa ya haye Dahomey. Da ya rasu bayan shekara tara, aka aiko Lolo da labari. Labbo ya tambaya ko ya sha jinya, aka ce wata uku. Ya ce kaɗan ne, ya ci gaba da sassaƙarsa.