Katantanwa a Kwandon Dioning

Shekara arba'in Dioning ta yi tana tsintar katantanwa a gaɓar tsibirinmu, kusa da babban tsibirin Bohol. Da ruwan teku ya janye za ka hango ta a duƙe da malafarta. Da wannan tsinta ta ciyar da 'ya'ya biyar bayan teku ya tafi da mijinta. Ita ta koya wa duk matan unguwa dokar wata katantanwa mai dafi, wadda ke da zanen ruwan ƙasa da fari: a kama ta ta gindi, kada a kusanci tsininta, kada a sa ta a kwando sai an dafa. Harbinta ba shi da magani.

Ni matar ƙaninta ce, kuma bakina ba shi da linzami. Wata Lahadi bayan coci na ce mata tsohuwa mai warin kifi, a gaban mutane, a kan maganar tukunya.

Mu kuwa ba ma cewa "yi haƙuri" da baki. Abu mai kyau ake sa wa mutum a kwando a ɓoye, shi ke nan an shirya. Washegari na tsinci wata babba kyakkyawa, irin mai dafin nan, a kan rairayi. Na leƙa ban ga nama ba, na ɗauka fanko ce, ashe naman ya shige ciki ne. Dioning ta sha ce mana mu sansana tukuna, amma ina sauri kada ta juyo. Na jefa mata a kwando.

Da rana ta zura hannu a kwandon, katantanwar ta harbe ta. Kafin a samo kwalekwalen kai ta asibiti leɓunanta sun mutu, numfashi yana yi mata nauyi. Mata suka yi ta tambayar yadda aka yi, ta ce musu ita ta tsinta da kanta, tsufa ne ya sa ta mantuwa. Sannan ta jawo ni kusa.

"Ke mai baki, na ga saƙonki," ta ce a hankali. "Kyakkyawa ce. Na haƙura."

Ba ta kai asibiti ba.

Yau shekara tara. Mata suna koya wa 'ya'yansu dokar, suna ƙarawa da cewa ko Dioning da ta kafa ta sai da ta manta. Ina duƙe kusa da su ina ji, kunya tana cina, kuma har yau ban buɗe baki ba.