Sandar golf ɗin Kaka

Jiya Kaka ya kai wa ƙwallon goruba duka, sandar ta suɓuce masa ta faɗi.

Wani Bature ne ya bar masa sandar golf ɗin a nan Gaya, lokacin samun ƴancin kai. Tun sannan burinsa ya buga ƙwallo ya tsallake katangarmu, bai taɓa dacewa ba.

Na daure na nuna masa bidiyo a portabul, wato wayar yayana. Na ce, "Kaka, ba sara ake yi kamar faskare ba. Ƙugu ake juyawa."

Ya kalla har ƙarshe, ya ce, "Amaryata, sai da ƙugun ya mutu za ki gaya mini?"

Yau ko tsakar gida bai fito ba.

Jama'a, da na yi shiru ya fi, ko?