Baba Rabaran Ba Ya Kashe Kowa

Duk wanda ya zauna da Baba Rabaran ya san wannan. Kana cikin hira, ka saki baki kana zuba, sai ka ga ya zame tabarau zuwa kan hanci ya ce, "Tsaya, tsaya. Sake faɗa." To shi ke nan, ka shiga littafi! Ran Asabar da la'asar za ka ji kanka a teburin shayin Alhaji Garba, an canja maka suna, amma an bar maka tafiyarka da tarinka da duk abin da kake ɓoyewa. Na ga wasunku suna sunkuyar da kai. Ku ɗago, ni Rahila ma ban tsira ba, alhali ni 'yar ƙanensa ce, a hannunsa na tashi.

Saboda yaran da ba su san mafari ba: Baba Istifanus limamin Angalika ne a ƙasar Zariya, da farin kwala a wuya, da gidan coci, da keken coci. Karatu ne ya ja masa. Ya yi ta cin littattafan mutanen da, har wata safiya ya tarar da Mama Saratu tana tankaɗe ya ce mata shi fa ya zama Katolika.

Ta ce, "Kai da wa?"

Ya ce, "Ni kaɗai."

Ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya. Matsa, ka tare min haske."

Ya mayar da kwala, aka karɓe gida, aka karɓe keke, abokai suka daina gaishe shi. Da ya ji an gina gari a hamada don haƙar uranium, ana neman mai koya wa 'ya'yan ma'aikata Ingilishi, sai ya kwaso mu muka zo Arlit. Mama ta biyo shi har nan, amma cocinsa ko sau ɗaya ba ta taka ba, na mutanen Maradi take zuwa. Sunan Rabaran kuwa ya manne masa har a bakin Musulmi.

Katolika ba su ba shi limanci ba, don yana da mata. In an tambaye shi ko abin bai yi masa zafi ba, sai ya ce, "Ya yi mana. Na dubi bagadi, na dubi Saratu. Bagadi bai iya miyar kuka ba." Mu yi ta dariya. Amma ni da nake zama kusa da shi a bencin baya, ina ganin leɓɓansa suna bin addu'ar Fada, limamin cocin, hannunsa yana so ya ɗaga, yana danne shi a cinya. Abin yana ba ni tausayi ƙwarai. Bai taɓa buɗe baki a coci ya gyara wa kowa ba, sai rana ɗaya da zan zo kanta.

Wurin furta zunubi ne yake fanshewa. In Baba ya riga ka shiga, koma gida ka ɗora tukunya! Sai ya fara da yadda gari ya waye, da wanda ya gamu da shi, da abin da mutumin ya sa. Wata rana Fada, Baturen nan mai haƙuri, ya kasa daurewa, har waje muka ji shi: "Baba, zunubin nake so, ba labarin ba!" Baba ya ce, "Fada, in ba ka san mutanen ba, yaya za ka gane laifin wa ne?"

Da kasuwar uranium ta faɗi, kamfani ya shiga sallamar mutane, Baba yana cikin na farko. Ya dawo gida yana fara'a ya ce, "Madalla, yanzu zan fara aiki." Ya kwaso tsofaffin takardun da kamfani ya zubar, yana buga labari a bayansu da keken rubutunsa. Kafin a kai wani labarin Zariya a buga, sai ya karanta shi babi-babi a teburin Alhaji Garba. Waɗanda aka sallama, direbobi, Buzayen da fari ya cinye wa dabbobi suka yi bukkoki a bakin gari, kowa yana nan. Ba aiki, ba ruwan sama, sai labarin Baba.

Aibinsa ɗaya: ba ya kashe kowa. Akwai wani mugun shugaban leburori a cikin labarin da ya ci amanar kowa. Ranar da asirinsa ya tonu, teburi ya ɗauka, "Kashe shi! Malam Rabaran, kashe shi!" Baba ya gyara tabarau ya karanta, "Sai ya hau mota ya tafi Assamakka." Tsohuwa ta yi ciwo, ta tafi Assamakka. Ɓarawo ya faɗo daga katanga, ya tafi Assamakka. Har Gali, wani Buzu da ba ya fashin zuwa, ya buga kofi a teburi ya ce, "Baba, Assamakka ya cika! Bakin iyaka ne, ba wurin kwana. Mutanenka duka me za su sha?" Baba ya ce, "Gali, lokacin da nake Rabaran na binne mutane har na gaji. A farin nan ma da ni da kai mun haƙa wa yara kaburbura. Wanda na ƙirƙira da hannuna, ba zan binne shi ba."

Mijina Iliya, mutumin Maradi, direban babbar mota, shi ma yana ciki. Ilu Mai Kamiyo aka sa masa, wato mai babbar mota. Baba ya ba shi hanci mai isa gari kafin motarsa, ya ba shi cika baki, wai ya taɓa tuƙa mota da baya tun daga Agadas. Hancin dai an ƙara gishiri, amma cika bakin daga bakin Iliya aka ɗauko.

Sai tawaye ya zo. Hanya ta lalace, ba a tafiya sai da rakiyar soja. Iliya da taurin kai ya ƙi jiran ayari. Aka tsinci labarin masu bindiga sun tare motar, shi kuwa ba shi ba alamarsa. Wata ya bi wata. Mutane suka fara shigowa suna yi min gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa. Yaya Bulus, wan Iliya, ya zo daga Maradi ya ce a yi addu'ar mamaci, a yi makoki, ya tafi da 'ya'yan ƙanensa gida. Da zarar an ce Iliya ya mutu, na rasa miji, na rasa 'ya'ya.

Ran Lahadi Fada ya fara sanarwar addu'ar. Sai mutumin nan da bai taɓa magana a coci ba ya miƙe daga bencin baya ya ce, "Fada, gafara. Wa ya ga gawa?" Ya juya ya dubi jama'a. Ya ce, "Ban taɓa binne wanda ban gani ba, kuma ba za a fara da surukina ba." Yaya Bulus ya fusata, amma ya kasa ja da tsoho.

Ran Asabar kuwa Baba ya ci gaba da Ilu Mai Kamiyo kamar ba abin da ya faru. Yau giyar motarsa ta tsinke, gobe yana gardama da raƙumi. Mutane suna dariya, ni ina gida ina kuka. Haushi ya ishe ni, na yafa zane na tafi teburin, wurin da mace ba ta zama.

Na ce, "Baba, mijina ne kake wasa da shi! Ka kashe shi in huta. Ko Assamakkan ka kai shi!"

Ya cire tabarau ya ce, "Rahila, dubi mutanen nan. Gobe wannan zai yi kudu, wancan zai yi daji. Muddin Ilu yana cikin labari, yana bakinsu. Ranar da na rufe babinsa, ba mai sake ambatonsa a kan hanya."

Na koma gida ban yarda ba. Ashe Gali, da ya je ganin danginsa wajen Gougaram, ya zauna a bakin rijiya yana ba makiyaya labarin Ilu. Da ya kai wurin tuƙi da baya daga Agadas, wani makiyayi ya dafe kai ya ce, "Mai hancin nan? Yana tantin kawuna, ƙafarsa a karye. Kullum wannan labarin yake ba mu, mun gaji!" Su suka tsince shi, suka ɗaure masa ƙafa, amma suna tsoron shigowa gari kada a ɗauke su 'yan tawaye.

Ranar da Gali ya kawo shi a kan raƙumi, ya rame, yana dogara sanda, unguwa ta cika da guɗa. Ni na ruga na tarye shi. Yaya Bulus ya rungume shi yana kuka. Da ƙura ta lafa, aka ba Iliya labarin yadda aka yi, sai ya dubi Baba ya ce, "Amma Baba, hancina bai kai haka ba."

Baba ya ce, "Rufe min baki. Hancin nan ne ya kawo ka gida."

Ga Iliya can a zaune, ku dube shi ku yi hukunci da kanku.

Da safiyar da Baba ya cika, Alhaji Garba ya zo ƙofar gida da Gali, sun ji kishin-kishin. Duk muka yi cirko-cirko, ba mai iya faɗa. Mama Saratu ce ta fito, tabaransa a hannunta, ta dube su ta ce, "Ya tafi Assamakka." Alhaji Garba ya fara dariya, dariyar ta koma kuka.

Ya Ubangiji, ga bawanka Istifanus. Ya bar gida da kwala don abin da ya gaskata, ya zauna a bencin baya bai yi gunaguni ba, ya ƙi sallama ko mutum ɗaya ga mutuwa. Ka ba shi hutawa ta har abada, ka matso da shi gaba kusa da bagadinka. In kuma ya fara ba ka labari, ka yi haƙuri ka bar shi ya kai ƙarshe. Amin.