Kwalin Ashanar Malam Gambo

Duk wanda ya ci kasuwar Dutsin-Ma a shekarun da siyasa ta fara zafi, gab da samun mulkin kai, ya san rumfar Malam Gambo tela, mijin yayata Hajo. Ba don ɗinkin ake tuna shi ba. Ku da kuka sa rigunansa kun sani, hannu ɗaya kan ɗara ɗaya tsawo. Abin da ake tunawa shi ne garmahonsa, da kwalayen ashana da yake jerawa a kan benci, kowane faifai da kwalinsa.

Ran kasuwa zai taso daga Kurfi da keken ɗinki da garmaho a motar kasuwa. Wanda ya zo ya zaɓi waƙa, kyauta. Kowane faifai da allurarsa. In ta yi juyi uku ta dakushe, sai ya jefa ta cikin kwalin faifan. Bayan La'asar ya zazzage, ya ƙirga, ya miƙe tsaye kamar mai shela:

"Jama'a, ta ɗaya a kasuwar yau!"

Mahauta su dakata da sara, masu fura su miƙo wuya. Abin da Malam Gambo ya faɗa, shi za a yi ta musu a kai har Birchi da Wurma, sai wata kasuwar.

Matsala ɗaya ce: ba ya barin faifai ya yi waƙa shi kaɗai, sai ya taya shi. Murya kuwa, subhanallahi! Kamar ana jan buhun gwangwani a kan tsakuwa. In ya ɗaga ta, jakunan 'yan itace kan amsa daga bakin kasuwa. Na taɓa ce masa, "Malam, ka bar mai waƙar ya ci abincinsa mana."

Ya ce, "Kai ɗan boko, me ka sani? Gyara mashi nake."

Allurar nan ba ya yar da ko ɗaya. Yana tara su a gwangwani, ya wasa a dutsen aska, su koma bakin aiki. Wata rana ƙaya ta soki Yaya Hajo a tafin ƙafa, ta ce ya miƙo mata ɗaya. Ya tsaya yana duban kwalayen, ita tana ɗingishi.

"Malam, ƙafata fa!"

"Ina zuwa, Hajo. In na cire daga nan na zalunci mai waƙa. Bari in duba wadda ta zo ta ƙarshe, ita ba ta da abin asara."

A lokacin kowace jam'iyya da mawaƙanta. Ta masu mulki tana da faifan yabo, kiɗi mai daɗi. 'Yan adawa kuma suka fito da wata waƙa a kan talakan da ake kora noman gonar manya, tasa gonar tana cikin ciyawa. Amshinta, "Wa ya nome, wa ya kwashe?" Rediyo ba ta sa ta. Amma ba a yi wata guda ba sai da mata suka ɗauke ta a bakin turmi, direbobi suna bin amshin da odar mota. A bencin Malam Gambo kasuwa bakwai a jere ita ce ta ɗaya, har kwalin ya ƙi rufuwa.

Abin ya dami wani jagoran masu mulki na yankinmu, Alhaji Maikano. Ya zo rumfar da babbar riga, ya ajiye ƙunshin allura sabuwa fil.

"Malam Gambo, ga ɗan ihsani. A ɗan ƙara a kwalin tamu, yara sun fara yi mana dariya."

Malam ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya har da addu'a, ya ce, "Sai dai Alhaji, sabuwar allura ba ta shiga kwali. Sai ta yi aiki ta dakushe." Ya ɗaura ɗaya a garmaho, ya juya ga mutane. "Wace za a sa?"

Kasuwa ta amsa da baki ɗaya. Alhaji na tsaye allurarsa ta rera "Wa ya nome" sau uku. Da zai tafi, Malam ya bi shi da cewa, "Allah ya saka, Alhaji! Aradu taka ta fi tawa fitar da murya!"

Ba a yi kwana goma ba aka hana waƙar. Aka yi shela cewa duk wanda aka kama yana rera ta, gidan yari wata shida. Wani ɗan doka mai suna Tanimu ya zo ya karɓe faifan. Malam bai yi gardama ba, amma ya riƙe kwalin.

"An hana waƙa, ba a hana ashana ba," in ji shi.

Daga ranar shi ya zama faifan. Yana taka keke yana rerawa, in ya yi sau uku ya jefa allura. Damina ce, geronsa a Wurma yana jiran noma na biyu, ga 'ya'ya biyar a gida. Yaya Hajo ta yi roƙo, ta yi kuka, ta turo ni. Na ce, "Malam, wata shida fa. Ka fito ka tarar da ciyawa ta cinye geron, su Hajo su ci me?"

Ya ce, "Ai a hankali nake yi."

Malam Gambo bai taɓa yin komai a hankali da maƙogwaronsa ba. Kasuwa ta zagayo, Tanimu ya jiyo shi tun daga layin 'yan gishiri, ya tasa shi gaba sai gaban alƙali.

Zauren ya cika, wasu a taga. Ina zaune kusa da Malam Gambo, Yaya Hajo tana waje da goyo. Alƙalin dattijo ne mai magana ƙasa-ƙasa. Ya saurari Tanimu, sannan ya ce, "Gambo, rera abin da aka ji kana rerawa."

Na taka masa ƙafa. Ko kallona bai yi ba. Ya gyara hula, ya dafa kunne, ya saki. Wani jariri a waje ya tsandara kuka. Muhuti, mai rubuta shari'a, ya ajiye alƙalami ya runtse ido. Da ya dire, alƙali ya dubi jama'a.

"Akwai wanda ya gane wannan abu?"

Tsit. Sarkin fawa yana kallon rufi. Wani tsoho ya ce, "Allah gafarta Malam, ni dai na zaci ciki ke murɗa mashi."

Alƙali ya ce, "Doka waƙa ta hana. Wannan kuwa kotu ba ta ga alamar waƙa a cikinsa ba."

Na sauke ajiyar zuciya. Sai ga Malam Gambo tsaye, jijiyar wuya ta tashi.

"Allah gafarta Malam, wallahi ita ce!"

"Zauna, Gambo."

"Ita ce! Shekara ashirin ina waƙa, yau a ce mani ciwon ciki? A ɗaure ni, amma a rubuta ita ce!"

Na ja rigarsa har ta yage a ɗinki. Shi ya ɗinka ta, ba ta yi wuyar yagewa ba.

Tanimu ya ga ƙararsa za ta zube, ya ce, "Allah gafarta Malam, ita ce, lalata ta dai ya yi. Ga yadda take." Ashe bawan Allah zaƙin murya gare shi! Ya ɗauko ta tun daga farko, ba tuntuɓe ko ɗaya. Da ya iso amshi, mutanen taga suka karɓa, "Wa ya kwashe?" Na ga ƙafar muhuti tana motsi a ƙarƙashin tebur.

Malam Gambo ya tafa hannu. "Yauwa! Kun ji? Haka na yi daidai!"

Alƙali ya bari aka yi shiru, ya shafa gemu. "A zauren nan yau, mutum ɗaya kotu ta ji ya rera waƙar da aka hana, kuma ba Gambo ba ne. Tanimu, kana so a ci gaba?"

Tanimu ya ce a'a, ya janye.

Muka fito mutane suna yi masa barka, shi kuwa fuska a murtuke, wai zai ɗaukaka ƙara. Yaya Hajo ta miƙa masa takalmansa ta ce, "Malam, ka ɗaukaka ta a gona. Wuce mu tafi." Bai tafi ba sai da ya biya rumfa ya jefa allura a kwalin. Na ce ai sau uku ake yi. Ya ce, "Ta kotu ce, ta fi nauyi."

Geron ya yi kyau a shekarar. Alƙalin kuwa Malam bai ƙara yi masa ɗinki ba, abin da ban ji alƙalin ya yi kuka da shi ba.

Bayan shekaru, siyasar ta watse, an daina waƙoƙin, garmahon ma ya lalace. Malam ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Na je gaishe shi da hantsi, kwalin yana gefen matashinsa. Ya sa aka ba mu wuri, ya kamo hannuna.

"Ɗan boko, tsakaninka da Allah. Ran nan a kotu, ba ita na rera ba?"

Na ce, "Ita ce, Malam. Ba wanda bai gane ba. Har alƙalin."

"To me ya hana ku faɗa?"

Na ce, "Geron Wurma."

Idonsa ya ciko. Can ya yi 'yar dariya ya ce, "Munafukai. Allah ya yi maku albarka."

Kwalin yana wurin Yaya Hajo, ba ta yarda a ɗauki ko ɗaya ba, ko don ƙaya. Allah ya jiƙan Malam Gambo, ya yafe masa kurakuransa. Yadda gari guda ya rufa masa asiri a zauren nan, Allah ya rufa masa a ranar da ba mai iya yin shiru don wani. Amin.