Malam Lawali da Mai Tsegumin da Ya Ƙi Tonawa

Shekara ashirin ke nan da muka kai Malam Lawali makwancinsa a Ƙauran Namoda. Aminina ne, kuma shugabana a ofishin malaman dabbobi mai kula da Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. Bana ma an taru a gidansa an yi masa addu'a, manya sun miƙe sun yabe shi. Ni dai na zauna can baya ina kallon bakunansu, domin a cikin masu yabon akwai waɗanda har yau zuciyata ba ta kwanta da su ba.

An turo mana shi ne Jihar Zamfara tana sabuwa. Ofishin ya rabu biyu a lokacin: waɗanda suka dawo daga Sakkwato da burin kujera, da mu da muka tsufa a daji muna bin shanu da allura. Duk maganar da aka yi a gindin dalbejiyar ofis, kafin mako ya zagayo ta isa Gusau, an ƙara mata gishiri. Sai mutum ya waiga kafin ya yi dariya.

Shi ya sa da sabon shugaba ya cire takalmi ya hau tabarmarmu ranar kasuwa a Kasuwar Daji, ya sa hannu a kwanon da muke ci, ba wanda ya saki jiki. Muka ce sabon salon leƙen asiri ne. Da matar Jaɓɓi, Bafulatanin da ke cikinmu, ta kwanta ciwo, Malam Lawali ya ce wa Jaɓɓi ya zauna gida, shi ya hau babur ya yi masa rangadin Zurmi. Nan ma muka ce akwai abin da yake nema. Ba ya yi wa ma'aikaci faɗa a gaban makiyaya, sai an kamo hanyar gida ya tsayar da shi a inuwa su yi magana su biyu. Babur mai lafiya kuwa na wanda zai fi nisa ne, ko shi ne ƙarami a ofis. Idan wani ya shigo masa da zancen wani, amsarsa ɗaya ce: "Tahi ka kiro shi, ka hwaɗi gaba nai." Ba a daɗe ba masu raɗa suka daina zuwa ƙofarsa. Ban ce sun daina raɗa ba.

Da Shari'a ta zo mun yi murna, har da ni. Amma akwai waɗanda suka samu a cikinta sabuwar sandar rama tsohuwar gaba. Mai riƙe da makullin siton magunguna shi ne Bitrus, Kirista ne daga ƙasar Zuru, mutum mai shiru. Wata safiya sai ga wasu matasa daga cikin masu sa ido kan aiwatar da Shari'a, suka ce an kai musu labari yana ajiye giya a sito, har ana jin warinta a hannunsa.

Malam Lawali ya sa aka shimfiɗa musu tabarma, aka kawo ruwa. Ya karɓi makullin ya buɗe siton da hannunsa, ya ce su duba ko'ina. Abin da suka samu kwalaben sifirit ne da muke goge allura da shi. Ya buɗe ɗaya ya miƙa wa babbansu, ya bayyana masa aikinsa, sannan ya ce, "Duk abin da ag ga ɗakin ga, ni na sa aka aje shi. In da laihi, ni za ku tahi da shi." Matasan sun yi mutunci. Suka ba da haƙuri, babbansu ya ce ba su ji daɗin yadda aka nemi yin amfani da su ba.

Ba wanda ya san warin hannun Bitrus sai wanda ke aiki da shi. Mai tsegumin a cikinmu yake, kowa ya gane haka. Zatona ya fi ƙarfi kan wani da zan kira Mande a nan, wanda ya daɗe yana son makullin nan. Na sami Malam Lawali na ce ya tambayi matasan suna, ai ba za su hana shi ba. Ya ƙi. Ya ce idan ya fara farautar mutum ɗaya, kowa zai koma mafarauci, aikin shanu kuma ya tsaya. Na ce to Bitrus fa? Ya ce Bitrus ya ga wanda ya tsaya masa, kuma wanda ya yi abin ma ya gani.

Abin da ya yi bayan haka ya fi ba ni haushi. Da damina ta sauka, ya haɗa Bitrus da Mande a babur ɗaya, ya tura su rigakafin ciwon huhu a rugagen Katuru. Suka dawo jiƙe da taɓo, ba sa magana sosai, amma ba sa kauce wa juna. Tun daga ranar nake zaton Malam Lawali ya san wanda ya kai tsegumin. Na sha tambayarsa har yana gadon asibiti, sai dai ya yi murmushi ya tambaye ni lafiyar yara.

Ba a bar shi ya daɗe da mu ba. Aka ɗauke shi zuwa Gusau, aka ce ƙarin girma ne, aka ba shi tebur babu aiki a kai. Wa ya so hakan? Ina da zato, ba ni da shaida. Ciwon da ya tafi da shi a can ya fara.

Yau na kan tambayi kaina me zai ce da ya ga ƙasar nan. Hanyoyin da muke bi da babur ba fargaba, yanzu sai an tambayi labari kafin a hau su. Kalmar infoma, wato ɗan leƙen asirin 'yan bindiga, ta shiga bakin kowa, maƙwabci na duban maƙwabci. Ana tara shugabannin ofisoshi a otal ana koya musu yadda ake tafiya da ma'aikata, Mande ma yana cikin masu koyarwa. Wata rana na ji shi a rediyo yana maimaita maganganun Malam Lawali kamar nasa. Na kashe rediyon.

Amma dole in faɗi wannan. Bara aka tsare ɗan Jaɓɓi a kasuwa, wai yana kai wa 'yan bindiga labari, ba don komai ba sai don an gan shi yana waya da Fulatanci. Jama'a suka fara taruwa. Waɗanda suka je suka tsaya masa har aka bincika aka sake shi, tsofaffin ma'aikatan Malam Lawali ne. Bitrus ya zo da sandarsa. Mande ya riga mu isa, shi ya fara cewa ya san yaron tun yana goye.

Ofishin ya lalace, rufinsa na zuba, sunan Malam Lawali ba ya jikin kowane gini. Abin da ya bari shi ne 'yan tsofaffi da suka saba tsayawa wuri ɗaya ko da ba su gama yarda da juna ba. Har yau ina zargin Mande. Ranar nan kuma kafaɗata na gogar tasa muka tsaya, ban matsa ba. Allah ya jiƙan Malam Lawali, ya sa ya huta.